Manhajar Apple a Kan Kwamfutar Gwanjo: Amsa ga Matasan Guri

Cikin saƙonnin da ke zuwa mini akwai wata tambaya da ta yi ta maimaituwa daga matasan ƙasar Haɗejiya, kuma wanda ya fi tsara ta wani ɗalibi ne daga Guri. Yana da HP ta gwanjo da yayansa ya sayo masa a Kano. Burinsa ya koyi rubuta manhajar iPhone, an ce masa sai da kwamfutar Apple, shi kuwa ko a mafarki ba shi da kuɗinta. Sai ya ci karo da wani bidiyo a YouTube inda aka ɗora macOS, babbar manhajar Apple, a kan kwamfuta irin tasa sak. Yake tambaya, gaskiya ne? In gaskiya ne, ya yi?

Gaskiya ne, ƙanena, ana yi, an ma kusa shekara ashirin ana yi. Masu harkar suna kiran irin wannan kwamfuta Hackintosh. Amma shawarata kada ka yi, zan kuma faɗi dalilaina ba tare da na wanke kamfanin Apple ba, don shi ma ina da magana a kansa.

Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin ƙarfe da mutum. Ita ke magana da allo, da madannai, da katin sauti, da na'urar kama intanet, kuma kowane sashe yana da 'yar manhajarsa da masu gyara ke kira direba. Microsoft yana sayar da Windows ga HP da Dell da Lenovo da duk mai so, shi ya sa masu ƙera sassa ke rububin rubuta mata direbobi. Asalin wannan tun 1981 ne, lokacin da IBM ya fito da kwamfutarsa ya bar wa Microsoft damar sayar da babbar manhajarsa ta wancan lokaci ga wasu, sai su Compaq suka bi sahu, kasuwa ta cika. Apple bai bi wannan hanya ba. Shi ke ƙera ƙarfen, shi ke rubuta manhajar, kuma direbobin sassan da ya sa a nasa kayan kaɗai yake kulawa da su.

Ya taɓa gwada buɗe ƙofa. A 1995 ya ba kamfanoni irin su Power Computing lasisin ƙera kwamfutoci masu amfani da manhajarsa, daga baya Motorola da UMAX suka shigo. Maimakon su jawo sababbin masu saye, sai suka riƙa janye nasa, domin kayansu sun fi araha. Da Steve Jobs ya dawo kamfanin a 1997, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne rufe wannan shiri, har Apple ya saye harkar Power Computing da hannun jari na dala miliyan 100. Tun daga ranar ƙofar ba ta sake buɗewa da yardar mai gida ba.

Taga ce ta buɗu a watan Yuni na 2005, lokacin da Jobs ya sanar cewa Mac za ta koma amfani da furosesan Intel, irin wanda ke cikin kwamfutar kowa. Da cikin Mac ya zama kusan ɗaya da cikin HP, sai masu basira a ƙasashe daban-daban suka duƙufa neman yadda za su yaudari manhajar. Akwai wani ɗan guntun sashe a cikin Mac, SMC, wanda manhajar ke nema kafin ta yarda ta tashi; sai suka rubuta abin da ke kwaikwayonsa. Suka samar da manhajojin tayarwa, Chameleon, sannan Clover, sannan OpenCore da ake yayi yanzu. Ba na raina wannan aiki. Ilimi ne mai zurfi, kuma yawancin masu yinsa ba su karɓi ko sisi ba.

To amma bari mu sauko daga bidiyon YouTube mu zo Guri. Fayil ɗin ɗora macOS na yanzu ya haura gigabait 12. Ka lissafa wannan da kuɗin data tun bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, da kuma sabis da ke zuwa yana ɗaukewa. Ka kai kwamfutar shagon caji da yamma, janareta na ruri, ka zauna a benci ka soka filash. Allo ya yi baƙi, fararen rubutu suna gudu layi bayan layi, sai su tsaya cak a wani layi da ba ka gane ba. Ka kashe, ka buɗe fayil ɗin saiti mai ɗaruruwan gurabe, ka canza ɗaya, ka sake kunnawa. Mai shago ya fara tattara wayoyi don man janareta ya ƙare. In Allah ya sa ta tashi bayan kwanaki, sai ka tarar sauti ba ya fita, ko ta ƙi kama Wi-Fi, ko ka rufe murfinta ta ƙi farkawa, ko batir ya riƙa zuba kamar ana kwarara shi. Wanda ya yi bidiyon nan yana da wuta awa ashirin da huɗu, yana da kwamfuta ta biyu da yake duba mafita a kanta, in wani kati ya ƙi aiki gobe za a kawo masa wani har ƙofar gida. Kai kwamfutarka ɗaya ce, a ciki aikin makarantarka yake.

Ko ta zauna ma, zaman na wucin gadi ne. Duk sabuntawar da Apple ya fitar tana iya rushe abin da ka gina. Da macOS Mojave ta fito a 2018, sababbin katunan hoto na Nvidia suka daina aiki. Da Sonoma ta fito a 2023, katunan Wi-Fi na Broadcom da masu Hackintosh suka daɗe suna dogaro da su suka bi sahu, sai da ƙarin dabaru. Manomin rani a fadamar Guri ya san darajar injin ban-ruwan da in ya tsaya za a sami kayan gyaransa a kasuwar Haɗejiya a ranar. Ba ya ɗora shinkafarsa a kan injin da mai gyaransa ɗaya ne a duniya, komai kyan fentinsa. Wanda zai ci abinci da kwamfuta ma haka ya kamata ya yi tunani.

Sai batun halacci, wanda matasanmu ke tsallakewa da sauri. Yarjejeniyar da kake danna amincewa da ita kafin ka ɗora macOS ta faɗa ƙarara cewa a kan kwamfutar Apple kaɗai aka yarda a yi amfani da ita. An gwada wannan a kotu. A watan Afrilun 2008 wani ƙaramin kamfani a Miami ta Amurka, Psystar, ya fara sayar da kwamfutoci ɗauke da manhajar Apple. Apple ya kai ƙara a watan Yuli, alƙali William Alsup ya ba shi gaskiya a Nuwamban 2009, aka tsayar da diyya ta kusan dala miliyan 2.7, aka kuma haramta wa Psystar ci gaba. Ya ɗaukaka ƙara ya faɗi, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsa a 2012. Na san ba wanda zai taso daga Kalifoniya ya zo Kadira ko Musari neman ɗalibi da HP ɗinsa. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta, ta kuma hana karya makullin da mai abu ya sa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Mutumin da ba zai jefa koma a gurbin sun wani ba tare da izinin sarkin ruwa ba, bai kamata ya ɗauki sharaɗin da ya amince da shi da hannunsa a matsayin wasa ba. Na san shagunanmu cike suke da Windows da Office marasa lasisi, amma yawan masu yin abu ba ya halatta shi, kuma mai shirin zama marubucin manhaja gobe shi ne zai fi kowa kuka in aka kwashi tasa kyauta.

Dalilin da ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne tagar da aka buɗe a 2005 ana kan rufe ta. A 2020 Apple ya fara ƙera nasa furosesan, M1, wanda ginin cikinsa daban yake da na Intel, kuma ba ya sayar wa kowa. A 2023 ya gama sauya dukkan kwamfutocinsa. A watan Yunin 2025 ya sanar cewa macOS 26, wadda ake kira Tahoe, ita ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Duk wadda ta biyo baya ba ta jin yaren furosesan da ke cikin HP ko Dell, ba kuma dabarar OpenCore da za ta koya mata. Ga mai son rubuta manhajar iPhone wannan babbar magana ce, domin Apple na tilasta amfani da sabuwar Xcode, wato manhajarsa ta rubuta manhajoji, kafin ya karɓi aiki a shagonsa, sabuwar Xcode kuma sabuwar macOS take nema. Wato sana'ar da za ka ɓata watanni kana koya an riga an yanka mata wa'adi.

Yanzu ga ƙorafina a kan Apple. Kamfani na da 'yancin kayansa, amma sharaɗin cewa ba za ka kai manhaja ga masu iPhone ba sai ta hanyar Mac shinge ne da ya fi tsayi a wurinmu fiye da a Amurka. A 2024 MacBook Air mafi araha ta fara ne daga dala 999. A canjin da ya kai naira 1,500 a 2024, kusan naira miliyan ɗaya da rabi ke nan kafin kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Bayan haka akwai dala 99 duk shekara ta rajista, alhali Google dala 25 yake karɓa sau ɗaya. Yaron da ya nemi ɓarauniyar hanya ba lalaci ne ya kai shi ba, ƙishin ilimi ne da rashin hali. Wannan ƙishin nake so mu tanada masa ruwa.

Akwai ma wata matsala da ta fi Hackintosh kusa da mu, ba a cika maganarta ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. EliteBook 840 G3 da ire-irenta, waɗanda suka cika shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, zubi na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma an bar su a baya. A nan ne tambayar wace manhaja ke hawa wane ƙarfe ta shafi kowace makaranta da kowane shagon buga takardu daga Haɗejiya zuwa Birniwa.

Amsarta tana nan tun 1991, lokacin da wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux ya sake ta ga duniya. Lasisinta ya yarda ka ɗora a kan kowace kwamfuta, ka kwafa wa abokinka, ka buɗe cikinta ka gyara. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da ita a 2004, da Linux Mint, suna tashi a kan yawancin tsofaffin HP da ThinkPad cikin abin da bai kai awa guda ba, sauti da Wi-Fi suna aiki. Tecno da Infinix da itel da ke aljihun masunta da 'yan kasuwar kifi, Android ɗin cikinsu a kan Linux aka gina ta. Ba zan ɓoye gazawarta ba: CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux, don haka mai zanen katin biki zai ci gaba da buƙatar Windows. Amma mai koyon rubuta manhaja bai rasa komai ba. Android Studio na aiki a kanta. Flutter na ba ka damar rubuta manhaja ɗaya da za ta hau Android da iPhone, sai a matakin ƙarshe na iPhone kaɗai za ka nemi Mac, na 'yan awoyi, aro ko haya ta intanet.

Ka kuma duba su wa za ka yi wa aikin. Mutanen Guri da suka ga ambaliyar 2022, waɗanda ciyawar kacalla ke toshe wa hanyoyin ruwa, suna buƙatar abin da zai gaya musu da Hausa cewa ruwa ya taso daga sama, ko nawa kwandon kifi da buhun shinkafa suka kai a Haɗejiya yau. Android ce a hannunsu.

Kirana ga gwamnatin jiha ta Malam Umar Namadi da hukumar NITDA, wadda shugabanta Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗejiya ne: Mac mini da ta fito a ƙarshen 2024 dala 599 aka sa mata, kuma ba ta cin wuta, sola kaɗan ta ishe ta. A sayi 'yan ƙwarori a ajiye a Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, a buɗe wa duk matashin masarautar da ya zo da aikinsa a filash ya kammala a kai. Tsofaffin kwamfutocin makarantun sakandare kuma kada a jibge su a sito don Windows 11 ta ƙi su. A horar da malaman kwamfuta su ɗora musu Linux kafin zangon karatu mai zuwa.