Kowa Na Iya Sakin Doki, Juya Shi Ne Sai An Koya

Birnin Katsina bai taɓa ƙarancin mahaya ba. Ranar Hawan Sallah dawaki kan cika Ƙofar Soro har ƙura ta rufe ido, a lokacin bukukuwa kuma samari kan yi hayar dawaki su fita kilisa a kan kwalta, tsakanin babura da motoci da yara masu talla. Abin da ke ƙaranci shi ne mahayin da zai juya doki yana tsakar gudu ba tare da ya yaga masa baki ko ya kai shi ƙasa ba. Wannan giɓi yana karya ƙafafun dawaki, yana kwantar da 'ya'yan mutane a asibiti, kuma mutane iri biyu ne ke da alhakin dawwamarsa: masu cewa hawa gado ne ba a koyonsa, da masu ganin maganin abin kawai a hana hawan baki ɗaya. Duka biyun sun kauce hanya.

Masu da'awar gado hujjarsu ɗaya ce, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tarihin garin nan da kansa ya ƙaryata su. Ƙwallon dawaki, wato folo, wasan da ya ɗaukaka sunan Katsina a ƙasar nan, baƙo ne da Turawan mulki suka zo da shi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya tashi a cikin dawaki tun yana yaro, amma da ya ga wasan bai ce ai jininsa ya ishe shi ba. Karɓarsa ya yi, ya sa 'ya'yansa da mutanensa suka koye shi da dokokinsa. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanintar wasan, ma'aunin da ke tikewa a 10. Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman duk a wannan filin suka goge. Doki da barga da mai koyarwa ne suka gada. Iyawar kuwa da zufa suka same ta.

Mai karatu ya dubi abin da wasan ke nema a wurin mahayi. Fili ne mai tsawon yadi 300, mutum huɗu a kowane ɓangare, ana buga shi zango-zango, kowane zango minti 7. Sanda na hannun dama, don haka hannun hagu kaɗai ke riƙe da linzami. Ƙwallo ba ta san alkawari ba: yanzu ta nufi gabas, bugu ɗaya ya mai da ita yamma, kuma wanda ya riga juyawa shi ke riga isa. Ga kuma doka mai tsauri da ta hana gitta gaban mahayin da ke bin layin ƙwallo, domin karon dawaki biyu a guje ajali ne. A irin wannan fili mai gudu kawai ba ya cin wasa. Mai iya juyi ke ci.

Juyin yana da sirri, kuma sirrin na cikin ƙafafun doki. Doki mai sukuwa yana da ƙafar gaba ɗaya da ke jagora, ta dama ko ta hagu, ita ce ke miƙewa gaba fiye da 'yar'uwarta. In za a karkata dama, dole ta dama ta zama jagora, in ba haka ba dokin zai shiga kwana a karkace, ƙafafunsa su harɗe. To yaushe yake musanya su alhali yana gudu? A 1878, a Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa, hotunansa suka nuna cewa a kowane taku na sukuwa akwai wani ɗan ƙiftawar ido da kofatai huɗun duka ke barin ƙasa. A wannan ƙiftawar, yana sama, doki ke sauya ƙafar jagora. Gwanin mahayi shi ne wanda ya san lokacin a jikinsa, ya kuma ba da umarni kafin ya zo.

Kalmar "kafin" ita ce kan zancen. Doki na ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, kuma in ya juya a kansu yana gudu, faɗuwa ta kusa. Saboda haka mahayi kan fara zama daram a sirdi, ya ɗan tsuke linzami don dokin ya tattara ƙafafun bayansa ƙarƙashin cikinsa. Sannan ya kai dubansa inda yake so ya nufa, kafaɗunsa su bi idonsa, ya jingina igiyar linzami a wuyan dokin, ya matsa da ƙafarsa ta waje. Da dokin ya amsa, sai ya sassauta masa. Tun ran gini ran zane: wanda ya jira sai ya iso kwana sannan ya fara tunanin juyi ya riga ya makara.

Wannan ka'ida ba ta doki kaɗai ba ce. A gaɓar teku, a wurare irin su Tarifa ta ƙasar Sifen da Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, akwai masu zamiya a kan ruwa da allo a ƙafa, wata babbar laima na jan su da ƙarfin iska ta igiyoyi masu tsawon mita ashirin da 'yan kai. Tseren wannan wasa ya shiga gasar Olamfik a 2024. Ɗaya daga cikin dabarun da ɗalibinsa ke ɗokin iyawa ita ce ya yi tsalle yana fuskantar wani ɓangare, ya dira yana fuskantar kishiyarsa. Mai kallo zai ɗauka a sama aka yanke shawara. Alhali tun yana kan ruwa ya rage gudu, ya tura laimar ta koma bisa kansa ta ɗaga shi, sai ya fara saukowa sannan ya ja ta zuwa sabuwar alƙibla. In ya ja da wuri, ta fizge shi ta maka da ruwa, in ya makara, ya nutse kamar dutse. Masu koyar da wasan ba sa barin ɗalibi ya fara da tsalle. A kan rairayi yake fara sarrafa ƙaramar laima, ya shiga ruwa ba allo, ya iya juyi a kan ruwa, sannan a bar shi ya tashi sama. Mutanen da wasansu bai kai shekara hamsin ba sun shimfiɗa wa koyonsa matakala. Mu da dawakinmu suka yi ɗaruruwan shekaru muna ɗora yaro a sirdi mu miƙa masa bulala.

Abin da muka sa a madadin koyo shi ne ƙarfe. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe da harshe da ke danna ganɗar doki, kayan aiki ne mai tsanani, wanda a hannun gwani taɓi kaɗan ya isa. A hannun ɗan koyo kuwa wuƙa ne. Yaro ya ga jafi a gaban Sarki, ya ga an sako doki an tsai da shi cak, sai ya zaci ƙarfin damtse ne. Bai ga watannin da aka kwashe a barga ana horon dokin ba, bai kuma lura cewa a kan ƙasa aka yi zamiyar ba. Sai ya je ya gwada a kwalta, inda kofato ba ya kama komai. Jinin da ake gani a bakin dokin haya da yamma shaidar jahilcin hannun da ya riƙe shi ce, ko da masu kallo sun yi ta tafi. Dokin da aka saba fizga kuma bakinsa kan mutu, ya daina jin linzami, sai a ƙara masa mafi tsanani, har ranar da zai kwashi mahayinsa ya afka cikin jama'a.

Masu kiran a hana kuwa, tsoronsu na da tushe, domin wanda doki ya take masa ɗa ba ya bukatar a yi masa huɗubar al'ada. A Kano an sha jin sanarwar 'yan sanda ta hana kilisa a titunan birni, kuma yawan maimaita sanarwar ya isa ya nuna iyakar tasirinta. Hani na iya kore doki daga babban titi, amma sha'awar sukuwa na nan a zuciyar saurayi. Zai koma lungu, ko ya koma wasa da babur, inda kuskure ya fi tsada. Garin da ke alfahari da hawa yana kuma gayyatar baƙi su zo kallo, in ya hana 'ya'yansa taɓa doki, nan da shekara ashirin wa zai hau masa?

Abin da ya kamata ba ya bukatar sabon gini. Katsina na da filin folo, tana da barga a gidan sarauta da gidajen hakimai, tana da dattawan da suka tsufa a horon dawaki, waɗanda iliminsu ke shiga kabari tare da su ɗaya bayan ɗaya. Masarauta da ƙungiyar masu folo su ware ranaku a mako da za a buɗe fili ga ɗan kowa, ba sai ɗan mai hali ba. A fara da tako, a koma sassarfa, a koyi tsayawa da juyi a kan rairayi da linzami mai sauƙi da hular kwano, kafin a ba kowa izinin sukuwa. Masu ba da hayar dawaki su yi rajista, kuma kada su miƙa ragama ga wanda bai bi ta wannan fili ba. Kilisar angwanci ta koma inda babu kwalta. Bayan an yi haka, duk wanda aka kama yana sukuwa a titi a hukunta shi, kuma hukuncin zai zama adalci tun da an nuna masa inda zai je.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai hau gaban Sarki a Sallar baɗi, yau ya kamata a fara koya masa yadda ake zama a sirdi kafin kwana.