Damina, baƙin mai da sarƙar keken talaka

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, ma'aikata da malaman makaranta da dama suka kakkaɓe kekunan da suka jingine shekaru. Wannan abin a yaba ne. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke cinye ɗan abin da ake son tattalawa, wato kwarara wa sarƙar keke baƙin man da aka juye daga injin mota. A ganina, wannan ɗabi'a asara ce da ake yi mata kallon tsimi, musamman da damina.

Mai karatu ya lura, man da ke aiki a sarƙa shi ne wanda ya ratsa cikin gaɓoɓinta, inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Wanda ya tsaya a waje tarkon yashi ne kawai. Tsohon baƙin mai kuwa ya riga ya ɗauko ƙurar ƙarfe da dattin inji. Idan ruwan Agusta ya sauka, taya ta watso taɓo, sai ya gauraya da man, ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙar a kowane juyi na feda.

Masu sarrafa man sarƙa sun kasa shi gida biyu. Akwai mai ruwa-ruwa wanda ke bushewa ya bar kakin da ƙura ba ta manne masa. Wannan ya dace da hunturu da bazara, amma ruwan sama guda kan wanke shi, tsatsa ta biyo baya. Akwai kuma mai kauri da danƙo da ruwa ba ya ɗauke shi da wuri, shi ne na damina, sai dai yana jan datti, don haka yana buƙatar yawan gogewa. Shi kuwa WD-40 da wasu ke fesawa, asalin aikinsa korar danshi ne, ba ya jimawa a sarƙa. Wanda bai samu na damina ba, sabon man giya mai lamba 90 ya fi tsohon baƙin mai nesa ba kusa ba.

Hanyar ba ta da wuya. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge na waje da tsumma. Duk ranar da ruwa ya doki keke, a goge a sake ɗigawa kafin a kwanta. Tsakanin kowace ƙusa da mai bi mata rabin inci ne, saboda haka idan aka aza rula, inci 12 zai faɗa daidai kan ƙusa a sabuwar sarƙa. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, a sauya ta, domin sarƙar da ta saki ita ce ke cinye haƙoran firiwil, kuɗin gyara ya ninka.

Ina kira ga masu gyaran keke da su daina ajiye gwangwanin baƙin mai a gindin bishiya suna shafa wa kowa kyauta, kamar yadda nake kira ga 'yan kasuwa su kawo man damina a ƙananan kwalabe da talaka zai iya saye. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.