Filin 'Yan Mata: Digiri Ta Hanyar Jarrabawa A Amurka

Yau zancen boko ne, musamman ga wacce aure ko zaman 'yan uwa zai kai ta Amurka, tana fargabar takardar sakandarenta za ta ruɓe a ƙasan akwati. To 'yar uwa, saki ranki.

A can, digiri na farko yawanci kiredit 120 ne. Kada ki ɗauka irin kiredit ɗin WAEC ne, wannan awo ne na yawan kwasa-kwasan da kika cinye, kuma kwas guda ya kan ba da uku. Shi ya sa ake shekara huɗu ana zaryar aji. Amma tun 1967 hukumar College Board ta fito da jarrabawar CLEP. Ki karanta darasi a ɗakinki, ki je ki zauna jarrabawarsa a kwamfuta, in kin ci sai jami'a ta rubuta miki kiredit ɗin kamar kin yi zango guda a aji. Darussa 34 ne, akwai tarihi, lissafi, tattalin arziki, Turanci, har da Faransanci, kin ga 'yar uwarmu ta Nijar ta samu nata. Yawancinsu minti 90 ne, makin daga 20 zuwa 80, kuma 50 ne mafi yawan makarantu ke nema. In an faɗi, sai an jira wata uku kafin a sake. Akwai kuma wata mai suna DSST, da aka fara don sojoji, yanzu kowa na iya zama.

Ga inda nake son ki buɗe kunne. Tun ran gini ran zane. Kada ki biya kuɗin jarrabawa ko guda sai kin zaɓi jami'ar da za ta ba ki digirin. Makarantu kusan 2,900 ne ke karɓar CLEP, amma kowacce da dokarta. Wata ta karɓi kiredit 30 ta ce ya isa, wata ta ƙi wani darasin gaba ɗaya. Sai ki ga mace ta ci jarrabawa goma, an karɓi huɗu, sauran sun tafi a banza. Akwai uku da suka yi suna wajen karɓa da yawa: Thomas Edison a jihar New Jersey, Excelsior a New York, da Charter Oak a Connecticut. Duk don manya masu aiki da iyali aka kafa su, a shekarun 1970. Su ma sai kin yi wasu kwasa-kwasai a wurinsu, musamman na ƙarshe.

Saboda haka ki nemi jerin kwasa-kwasan digirin da kike so, ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin duk wanda jarrabawa za ta iya maye gurbinsa. Ki fara da darasin da kika fi ƙarfi a sakandare, don cin farko shi ke ba da ƙarfin zuciya. In kuɗi ne matsala, ƙungiyar Modern States ta fara koyar da darussan kyauta ta intanet a 2017, har tana biya wa wanda ya kammala kuɗin jarrabawar.

Ni abin da ya burge ni, mai goyo ma za ta iya, in yara sun yi barci ta jawo littafi. Sai dai fa kowa ya ci zomo ya ci gudu, babu malamin da zai tsaya a kanki da bulala, ke ce ɗaliba ke ce mai tsawatar wa kanki. Ku kuma ƙannena da ke makaranta a nan gida, JAMB ce ƙofarku, amma ku riƙe littattafanku da kyau, ba ku san inda rabo zai kai ku ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.