A Koya Wa Yara Sunan Ubansu Da Na Garinsu

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana iyaye na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ni manomi ne, da rani ina ɗan kasa riɗi da wake a kasuwa. Wata ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari da ɗana mai shekara shida. Ina cikin ciniki, na waiwaya babu yaro, ashe ya bi shanu ya shiga kara. Wallahi har la'asar ban san inda kaina yake ba. Wani dattijo mai sayar da igiya ne ya tsince shi. Ya tambaye shi sunan ubansa, sai ya ce "Baba". Garinsu fa? Ya ce "gida". Kasuwar da ke bakin iyakar Nijar, motoci na tashi zuwa Kudu da dabbobi!

Laifina ne, ba na yaro ba. Ai ba mu manta da yaran Kano 9 da 'yan sanda suka gano a Anacha a 2019 ba.

Yanzu kowane yaro a gidana ya haddace sunana, sunan ƙauyenmu, na mai unguwa da lambar wayata. Ba karɓar alewa, ba hawa babur ɗin kowa ko da an san shi, sai an faɗa a gida. Tun gobarar Majiya ta 2024 kuma na ƙara musu: tankar mai in ta faɗi, a gudu.

Malaman allo da na firamare, don Allah ku riƙa tambayarsu waɗannan kafin a tashi.

Naku,
Wani manomi,
Sule Tankarkar, Jihar Jigawa.