Sharhi: Kuɗin da ke Zurarewa ta Cikin Waya Ba da Sanin Mai Su Ba

Sharhinmu na yau zai duba wata irin asara da ke samun mutane shiru, wato kuɗin da ake cirewa ta cikin manhajojin waya da kwamfuta alhali mai kuɗin bai amince ba.

A shekarar 2009 kamfanin Apple ya ba masu ƙera manhaja damar sayar da kaya daga cikin manhajar kanta, Google kuma ya bi sahu a 2011. Dabarar ita ce a ba mutum wasa kyauta, idan ya yi nisa ya ji daɗi, sai a ce ya sayi lu'ulu'u ko tsabar zinare na cikin wasan kafin ya wuce gaba. Zinaren hoto ne kawai a fuskar waya, amma kuɗin da ke fita daga katin banki na gaske ne.

Ba a jima ba iyaye a Amurka suka fara kuka. A wasan Smurfs' Village, wanda ƙananan yara suka fi bugawa, akwai kayan da danna ɗaya ke cin kusan dala 100. A lokacin, idan uba ya sa kalmar sirri ya sauke wa ɗansa wasa a wayar iPhone, wayar kan ci gaba da karɓar ciniki har minti 15 ba ta sake tambayar kowa ba. A shagon manhajoji na Google kuwa minti 30 ne. Wata uwa ta kai ƙorafi cewa 'yarta ta kashe dala 2,600 a wani wasan kiwon dabbobi mai suna Tap Pet Hotel.

Hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta shiga maganar. A watan Janairun 2014 Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32 da rabi. A watan Satumba na 2014 Google ya amince da aƙalla dala miliyan 19. Kamfanin Amazon ya ƙi sulhu, hukumar ta kai shi kotu, a 2016 alƙali ya ɗora masa alhaki, a 2017 kuma aka buɗe hanyar mayar da fiye da dala miliyan 70. Abin lura shi ne hukumar ba ta ga laifin yara ba. Matsayinta shi ne sa kalmar sirri sau ɗaya ba ya nufin mutum ya yarda da duk cinikin da zai biyo baya, kuma wanda ya gina shagon shi ke da nauyin neman yardar mai kuɗi a sarari.

Ba kowa ne darasin ya shiga kunnensa ba. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 245 domin a mayar wa 'yan wasa. Hukumar ta zarge shi da jera maɓallai yadda kuskuren yatsa ɗaya ke zama ciniki, har a lokacin da wasan ke ƙoƙarin buɗewa, sannan ya riƙa kulle asusun waɗanda suka kai kuka bankinsu. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro na iya danna abin da bai gane ba, amma manya ne suka zauna suka tsara inda yatsansa zai faɗa.

Akwai kuma manhajojin da aka ƙera su domin tatsa kaɗai. Sukan zo da siffar masu gyaran hoto, masu karanta lambar QR, da masu da'awar duba tafin hannu. Sukan ce a gwada kyauta na kwana 3, amma sai an fara sa bayanan kati. Da wa'adin ya cika, cirar kuɗi ta fara ke nan, mako bayan mako. A Maris na 2021 kamfanin tsaro na Avast ya ce ya gano irin waɗannan guda 204 a shagunan Apple da Google, waɗanda suka tara fiye da dala miliyan 400, wasunsu suna karɓar har dala 66 a mako. Tarkon da ke kama mutane shi ne goge manhaja daga waya ba ya soke rajistar biyan kuɗi. Manhajar ta tafi, alat na cirar kuɗi na ci gaba da zuwa.

Wani mai sauraro zai ce shi bai taɓa haɗa katin banki da wayarsa ba, don haka abin bai shafe shi ba. Ya shafe shi, domin katin waya ma kuɗi ne. Wata muguwar manhaja da masana suka laƙaba wa suna Joker takan ɓuya cikin manhajar hotunan ado ko ta tura saƙo. Idan ta shiga waya, sai ta buɗe shafin rajista a ɓoye, ta danna amincewa da kanta, ta karanta lambar tabbatarwa da kamfanin layi ya turo ta tes, ta shigar da ita, ta kuma ɓoye saƙon. Mai waya bai ga komai ba, sai dai ya ga ya sa kati da safe, kafin la'asar babu. A Janairun 2020 Google ya ce ya cire manhajoji kimanin 1,700 na wannan dangi daga shagonsa.

Wani lokaci ma tun daga kwali cutar ke zuwa. A Agustan 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Masar, Afirka ta Kudu, Ghana da Kamaru, tana ƙoƙarin yi wa masu su rajistar da ba su nema ba. Kamfanin Transsion mai wayar ya ce matsalar ta shigo ne ta hannun wani mai kawo masa kayan haɗi, kuma ya fitar da gyara. Waɗanda suka sayi irin wannan waya mai araha su ne mafi ƙarancin ƙarfin jure asarar.

Masu ƙera manhaja na gaskiya su ma ana cutar su. A Yulin 2012 wani ɗan Rasha, Alexey Borodin, ya kafa na'urar da ke kwaikwayon shagon Apple, tana ba manhaja rasit na jabu cewa an biya. Abin da ya biyo baya shi ne ƙa'idar da masu sana'ar ke bi har yau: kada manhaja ta gaskata rasit don waya ta nuna shi, sai kwamfutar kamfanin ta tuntuɓi shagon kai tsaye ta tabbatar. Ɓarayin katin banki kuma sukan sayi lu'ulu'un wasa da katin sata, su sayar wa matasa a farashi mai rahusa ta WhatsApp da Telegram. Matashin da ya saya yana ganin ya ci riba, ranar da mai katin ya kai ƙara kuwa asusunsa ake iya rufewa.

To ta yaya ake gano cinikin zamba? Kwamfutocin shaguna da na bankuna suna auna kowane ciniki da halin mai asusun. Suna duba ko wayar sabuwa ce a wurinsu, ko ƙasar da cinikin ya fito ta dace da inda aka saba ganin katin, ko asusun da aka buɗe jiya ya yi ciniki goma a minti biyar, ko an gwada katuna da yawa a waya ɗaya. Idan alamun suka taru, sai a tsayar da cinikin, ko a nemi hoton yatsa ko lambar tabbatarwa ta OTP. Apple ya ce a 2023 kaɗai ya tare cinikin da ake zargi na fiye da dala biliyan 1.8, ya kuma hana amfani da katunan sata fiye da miliyan 3 da rabi. Adadin na kamfanin ne da bakinsa, amma ya isa ya nuna girman kasuwar ɓarayin.

A gidajenmu, inda waya ɗaya kan zaga daga hannun maigida zuwa uwargida zuwa yara, tsaron farko yana hannun mai wayar. A shagon Google Play akwai wurin da ake umartar waya ta nemi kalmar sirri ko hoton yatsa a kan kowane ciniki. A iPhone ana iya rufe saye daga cikin manhaja gaba ɗaya. A riƙa buɗe jerin rajistar biyan kuɗi lokaci zuwa lokaci, a soke abin da ba a gane ba. Manhajar tocila ko ta hoto da ta nemi izinin karanta tes, a hana ta a goge ta. A yi hattara da manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ko ake lodawa a rumfunan kasuwar waya, domin ba su bi ta tantancewar shago ba. Lambar OTP kuwa ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake kira.

Idan kuɗi sun riga sun fita, gaggawa ce magani. A kira banki a rufe katin, sannan a nemi shagon ya mayar da kuɗin. Google na karɓar rahoton cinikin da ba a amince da shi ba cikin kwana 120. A Najeriya, wanda aka ci wa katin waya ya fara da kamfanin layinsa, in ba a share masa hawaye ba ya kira hukumar sadarwa ta NCC kyauta a lamba 622. Lamba 2442 kuma ita ce ta dakatar da saƙonnin tallan da ba a nema ba.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna kamfanoni kan gyara tsarinsu idan hukuma ta sa su mayar da kuɗi. Ya kamata hukumomin sadarwa da manyan bankunan ƙasashenmu su tilasta cewa babu rajistar da za ta ci kobo sai mai layi ya tabbatar da kansa, soke ta kuma ya zama da sauƙi kamar shiga ta. Kafin nan, muna kira ga duk mai saurarenmu da ya ɗauki wayarsa a yau, ya duba jerin rajistarsa, ya kuma kunna neman kalmar sirri kafin ya miƙa wa yaro.