Masu Bincike A Gidan Makoki

Jama'a, zancenmu na wannan mako a kan baƙin nan ne masu shiga gidan makoki da takarda da alƙalami. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, Maiduguri ta zama matattarar masu bincike, na gida da na ƙetare. Sansanin Bakassi, kafin a rufe shi a 2021, ya ga irinsu ba iyaka.

Ba mu ce aikin ba shi da amfani ba. Yara da yawa a gida su ke cikawa, a yi musu sutura a ranar, babu likitan da ya rubuta sanadi. Shi ya sa a 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bi gidaje tana tambayar iyaye yadda ciwon ajalin ya faro.

Amma a dubi matar da ke cikin takaba, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Farar mota ta tsaya, Bulama ya ce a ba baƙi haɗin kai. Takardar da Turanci, tafinta ya juya ta da Hausa, ita kuwa Barbarci ta ke ji sosai. Ta dangwala yatsa, a zatonta rajistar abinci ce. Wa zai kira wannan yarda?

Ba mu manta da Kano ba. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan da yara wajen 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sa'an nan kuma aka nemi iyayen su ba da yawu don tabbatar da dangantaka. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa, wadda aka fitar a 2007, ta wajabta izinin kwamiti da yardar mutum bayan an fahimtar da shi. To, Lawanai da Bulamomi, ku riƙa neman ganin takardar izinin nan kafin ku yi wa baƙo jagora, ku kuma shaida wa mai takaba, da harshenta, cewa in ta ƙi magana ba za a cire sunanta daga rabon hatsi ba.