Gidan Percy: Sunan da Ya Rayu Bayan Jinin Maza Ya Yanke

Turawan Ingila na alfahari da gidajen da suka ce sunansu ya kai shekara dubu bai gushe ba. Mai jin haka zai ɗauka ɗa ne ke gadon uba tun farko har yau. Tarihin gidan Percy, masu sarautar Northumberland a arewacin Ingila, ya nuna cewa abin da ya daɗe shi ne sunan da ƙasar da ke ɗaure da shi, ba tsatson maza ba.

Asalin sunan ma ba na Ingila ba ne. Percy sunan gari ne a yankin Nomandi na Faransa. Bayan Nomawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, wani William de Percy, wato William na Percy, ya samu filaye masu yawa, kuma kundin Domesday na 1086, wanda ya ƙidaya filayen ƙasar da masu su, ya lissafa shi cikin manyan masu ƙasa a Yorkshire.

Kafin ƙarshen ƙarni na 12 'ya'ya maza suka ƙare a gidan. Magajiya Agnes ta auri Joscelin na Louvain, ɗan'uwan matar Sarki Henry na Ɗaya, amma 'ya'yansu sunan uwa suka ɗauka, domin gadon ta wajenta ya fito. Wannan zuriya ce ta sayi ganuwar Alnwick a 1309, ta samu sarautar Earl a 1377, ta kuma haifi jarumin nan Hotspur da aka kashe a yaƙin Shrewsbury a 1403.

A 1670 aka maimaita. Earl na goma sha ɗaya ya rasu ya bar 'ya mace tilo, Elizabeth, wadda ta auri ɗan gidan Seymour. Jikarta ta auri Sir Hugh Smithson a 1740. Ma'anar Smithson kuwa ita ce ɗan maƙeri. A 1750 majalisar dokoki ta yi masa doka ya koma Percy, a 1766 kuma aka naɗa shi Duke, muƙami mafi girma a jerin masu sarautar gado. Daga gare shi masu riƙe da Alnwick a yau suka fito.

Wani zai ce wannan yaudara ce. Ba haka ba ne, domin jinin bai yanke ba, ta hanyar mata ya biyo. Kuskuren yana ga masu ba da labarin, waɗanda ke jera sunayen maza su tsallake Agnes da Elizabeth, alhali ba don su ba da tuni sunan ya shuɗe. Haka kuma duk wanda ke amsa sunan Percy ya ɗauka hakan kaɗai ya sa shi cikin gidan, ya yi tuya ya manta albasa: suna ba takardar gado ba ne.

Akwai kuma abin lura a gefe. Hugh yana da ɗan da ya haifa ba ta aure ba, wanda bai gaji sarauta ko sunan Percy ba. Shi ne James Smithson, masanin kimiyya da ya rasu a 1829, wanda dukiyarsa ta kafa cibiyar Smithsonian a Amurka a 1846, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Sunan maƙerin da uban ya ajiye don neman girma, shi ne yau ke bisa ɗaya daga manyan cibiyoyin ilimi na duniya. Asali abin tutiya ne, amma aiki ne ke riƙe suna.